Kyamarar Gudu a Manyan Titunan Birtaniya: Yadda Take Kamu, da Abin Yi In Takarda Ta Zo

Direban da ya saba da hanyoyin gida ya san cewa in an tsare shi akwai mutumin da zai kalla ido da ido, ya gaishe shi, ya ba da uzuri, wani lokaci a ce ya tafi kada ya sake. A motowe, wato babban titin mota zalla na Birtaniya, yawanci babu mai tsare ka. Za ka wuce lafiya, ka isa gida, ka manta. Bayan 'yan kwanaki sai takarda ta faɗo ta ƙofa, ɗauke da lambar motarka, da rana, da lokaci, da gudun da kake yi. Kyamara ba ta jin magiya. Galibin waɗanda take jefawa cikin matsala kuma ba masu ƙure maleji ba ne. Mutane ne da suka wuce allo ba su lura lambar ta sauya ba, ko suka ajiye takardar a kan firji har wa'adi ya wuce.

Fara da sanin lambobin

Allunan Birtaniya da mil suke lissafi. Iyakar ƙaramar mota a motowe mil 70 ce a awa, kimanin kilomita 112, kuma haka take tun 1965. Wannan ita ce iyakar a tagwayen hanya mai shinge a tsakiya. A hanya mai falle ɗaya mil 60 ce, a cikin gari mai fitilun titi mil 30. A Wales an mayar da yawancin titunan cikin gari mil 20 tun Satumban 2023. Farin da'ira mai baƙin layi a karkace yana nufin an koma wannan iyakar ta ƙasa, ba wai an sake ka ba.

Iyakar ta danganta da abin da kake tuƙawa. Motar da ke jan tirela ko ɗakin tafi-da-gidanka mil 60 ce a motowe, kuma ba ta da izinin shiga layin dama na ƙarshe in layukan sun kai uku. Masu aikin kai kaya su buɗe ido a nan: babbar ban, wato motar ɗaukar kaya irin Transit ko Sprinter, tana da 70 a motowe, amma 60 a tagwayen hanya, 50 a mai falle ɗaya. Direbobi da yawa suna sauka daga motowe su ci gaba da 70 a tagwayen hanya, suna ganin ƙananan motoci na yi, su sha maki, wato makin hukunci da ake rubutawa a kan lasisi.

Kyamarorin da za ka haɗu da su

Tsohuwar cikinsu ita ce Gatso, akwati mai ruwan ɗorawa a kan sanda, wadda aka fara kafawa a Landan a 1992. Da rada take auna gudu, tana ɗaukar mota ta baya, hoto biyu a jere da walƙiya. Gajerun fararen layukan da ke kwance a kan kwalta a gabanta su ne ma'auni na biyu: nisan da mota ta ci tsakanin hotunan yana tabbatar da abin da rada ta ce. An fi ganin ta a titunan gari. Akwai kuma 'yan sanda a cikin ban ko a kan gadar sama da na'urar leza, wadda ke karanta gudunka tun kana da nisa, kafin ka gane motar tasu ce.

A motowe, kyamara iri biyu ya kamata ka fahimta sosai.

Ta farko ita ce mai lissafin matsakaicin gudu, irin SPECS da VECTOR. Za ka gan su a kan dogayen sanduna masu ruwan ɗorawa, musamman inda ake aikin hanya. Ba sa walƙiya. Kyamarar farko ta karanta lambarka ta rubuta lokaci, ta gaba ma ta yi haka, kwamfuta ta raba nisa da lokaci. A ce tsakaninsu mil biyu ne kuma iyaka 50. Wanda ya bi doka zai ci daƙiƙa 144. In ka iso a daƙiƙa 120, gudunka 60 ne, ko da ka taka birki a ƙarƙashin kowace sanda har motar ta yi kamar za ta tsaya. Sauya layi ba ya ɓatar da su, duhu ma ba ya hana su, don da hasken da ido ba ya gani suke karatu. Abin da ke ruɗin mutane shi ne dare: ƙarfe biyu, babu ma'aikaci ko ɗaya, hanya fayau. Iyakar 50 tana nan, domin layukan an matse su, an kuma ɗauke gefen tsayawa.

Ta biyu ita ce HADECS 3, a kan titunan da ake kira masu wayo, kamar sassan M25, M1, M6 da M42. Ƙaramin akwati ne a maƙale a jikin ƙarfen da ya ratsa saman titi, ko a kan sanda a gefen hagu, kuma ɗaya tana iya kallon duk layukan. Ita iyakar da take aiki da ita ba a tsaye take ba. Allunan lantarki na sama suna iya nuna 60, na gaba 50, na gaba 40, gwargwadon cunkoso ko haɗari. Duk lambar da ke cikin jan da'ira doka ce, ba shawara ba, kuma tana nan har sai wani allo ya nuna wata lambar ko alamar iyakar ƙasa. In allon a kashe yake, 70 ce, kuma kada ka ɗauka kyamarar ma a kashe take. Lambar da ba ta da jan da'ira, mai fitilu masu ƙyaftawa a tsofaffin tituna, shawara ce, amma wanda ya yi biris da ita ya yi karo zai sha tambayoyi.

Jan X a saman layi yana nufin layin a rufe yake. Tun 2019 kyamarorin nan suna kama masu bi ta ƙarƙashinsa, tarar fam 100 da maki uku. Sau da yawa mota ce ta mutu a layin da mutane a ciki, ko motar asibiti ake buɗe wa hanya.

Maganar kashi goma da mil biyu

Za ka ji 'yan uwa suna cewa har 79 ba a kamu. Asalin zancen shi ne shugabannin 'yan sanda suna da wata ƙa'idar aiki ta fara hukunci daga kashi 10 cikin ɗari da ƙarin mil biyu a kan iyaka: 35 a wurin 30, 57 a wurin 50, 79 a wurin 70. Lura, daga 79 ake farawa, ba bayanta ba. Kuma sassauci ne na ganin dama. A doka 71 laifi ne, kowace runduna tana iya tsananta nata ba tare da ta sanar da kowa ba.

Maleji kuwa doka ba ta yarda ya nuna ƙasa da ainihin gudunka ba, don haka kamfanoni suke sa ya ɗan zarce. In ya nuna 70, mai yiwuwa 67 ko 68 kake yi. Wannan rata kariya ce gare ka. Wanda ya fara lissafin cinye ta, ya ƙara da kashi goma, a gangara ɗaya zai tsinci kansa a 80.

Takarda ta zo: bi ta daki-daki

Mataki na farko, buɗe ta ranar da ta zo. A samanta an rubuta Notice of Intended Prosecution, ana taƙaita ta da NIP, kuma tare da ita akwai fom na sashe na 172 na dokar zirga-zirgar hanya da ke tambayar wanda ke tuƙi. Ta gidan waya take zuwa. Saƙon waya ko imel da ke cewa ka latsa nan ka biya tarar gudu, na 'yan damfara ne.

Na biyu, duba kwanakin. Dole takardar farko ta isa ga wanda sunansa ke kan rajistar motar cikin kwana 14 da yin laifin. In ta makara haka kawai, hujja ce da za a iya kafawa. Amma in motar haya ce ko ta kamfani, kwana 14 ɗin na takardar da aka aika musu ne, taka tana iya zuwa bayan makonni. Haka in ka tashi daga gida ba ka sauya adireshi a takardar mota, wato V5C, ba: laifinka ne. Sauya adireshin lasisi daban, na V5C daban, kuma a nan ɗalibai da sababbin zuwa masu yawan sauya gida suke faɗawa rami. Takardu suna zuwa tsohon gida, a yanke hukunci a bayan idonsu, sai sun ga masu karɓar bashi. Wanda hakan ta same shi yana da kwana 21 daga ranar da ya sani ya je kotu ya yi rantsuwar cewa bai san da shari'ar ba, a sake ta daga farko.

Na uku, cika fom ɗin ka mayar cikin kwana 28, ko da kana da ja a kan laifin. Faɗar wanda ke tuƙi ba amsa laifi ba ne. Ƙin faɗa kuma laifi ne mai zaman kansa: maki shida da tarar da za ta iya kai fam 1,000, wato ninkin makin da gudun kansa zai jawo, kuma kamfanonin inshora sun fi ƙyamar sa. In da gaske ba ka tuna wanda ya tuƙa ba, nemi hoton, duba waya da jadawalin aiki da rasit ɗin mai, ka rubuta musu ƙoƙarin da ka yi. Ajiye kwafi da shaidar aikawa.

Abu ɗaya da ba a yi, komai zumunci: kada ka sa sunan wani. Ba na matarka mai lasisi fes ba, ba na ƙanin da ya koma gida ba. In aka ba da sunan wanda ke ƙasar waje, 'yan sanda suna iya neman shaidar cewa ya shigo ƙasar kuma yana da inshorar tuƙa motar. Ƙarya a nan karkatar da shari'a ce, hukuncinta ɗauri. Chris Huhne, tsohon minista ne a gwamnatin Birtaniya. Kyamara ta kama motarsa a M11 a 2003, matarsa ta lokacin, Vicky Pryce, ta karɓi makin. Shekara goma bayan haka, a 2013, aka ɗaure kowannensu wata takwas. Maki uku ne asalin maganar.

Na huɗu, jira amsa. Ɗaya daga uku za ta zo.

Kwas na wayar da kai. Ana bayar da shi in gudun bai yi yawa ba, galibi har zuwa 42 a wurin 30, 64 a wurin 50, 86 a wurin 70, kuma in ba ka yi irinsa ba cikin shekara uku da suka wuce. Kai za ka biya, kuɗin ya kusa na tarar, 'yan awoyi ne a aji ko ta intanet, ba jarrabawa, ba maki. In an ba ka, karɓa. Sai dai ka yi rajista da wuri ka halarta a kan lokaci da katin shaida, don wanda ya makara ana iya mayar da shi layin tara. A Sikotland ba a bayar da wannan kwas.

Tara kai tsaye: fam 100 da maki uku, wa'adi kwana 28. Abu biyu ake so, kuɗi da bayanan lasisi. Mutane kan biya kuɗin su manta da na biyun, sai a mayar musu da kuɗinsu a tura maganar kotu.

Kotu. Wannan na wanda ya zarce sosai ne, galibi daga 96 a wurin 70, ko wanda maki uku za su kai shi 12, ko wanda ya ƙi amsa laifi. Takardar kotu tana ba ka kwana 21 ka amsa. A Ingila da Wales ana auna tarar da abin da kake samu a mako, a rukuni uku. A wurin 70, daga 71 zuwa 90 rukunin A ne, kusan rabin kuɗin mako da maki uku. Daga 91 zuwa 100 rukunin B, kuɗin mako guda, da maki huɗu zuwa shida ko dakatarwar kwana 7 zuwa 28. Daga 101 rukunin C, kuɗin mako ɗaya da rabi, da maki shida ko dakatarwar kwana 7 zuwa 56. A wurin aikin hanya mai 50, rukunin C daga 76 yake farawa, gudun da mutum zai iya yi bai ji komai ba. Ƙololuwar tara fam 1,000 ce, a motowe 2,500, ban da kuɗin shari'a da wani ƙari a kan tarar. Amsa laifi da wuri yana rage har kashi ɗaya cikin uku. Cika fom ɗin kuɗin shiga da gaskiya, in ba haka ba kotu za ta ƙiyasta maka. Kuma hukuncin kotu yana shiga tarihinka, fom ɗin neman zama ɗan ƙasa yana tambayar sa.

Maki, da tarkon sabon lasisi

Makin gudu yana aiki shekara uku, yana zama a rajista shekara huɗu, masu inshora kuma sukan tambayi na shekara biyar. Lambarsa SP50 in a motowe ne, SP30 a sauran tituna. Wanda ya tara 12 cikin shekara uku, dakatarwar wata shida ce a ƙalla, sai in ya gamsar da kotu cewa za a shiga wani ƙunci na musamman.

Ga inda abin ya shafi mutanenmu kai tsaye. Lasisin Najeriya, Nijar ko Gana yana aiki wata 12 ne daga ranar da ka zama mazaunin Birtaniya, kuma ba ya cikin waɗanda ake musanyawa. Sai ka nemi na koyo, ka ci jarrabawar rubutu da ta tuƙi. Cikin wata 12 ɗin ma maki yana kama ka, hukumar DVLA mai kula da lasisin tuƙi tana buɗe maka rajista. Ranar da ka ci jarrabawa kuwa sabon direba ne kai a idon doka, ko da shekara ashirin ka yi kana bin hanyar Kano zuwa Maiduguri. Maki shida cikin shekara biyun farko, an soke lasisin, ka koma ɗan koyo. Kyamara biyu ke nan, ko riƙe waya sau ɗaya, don ita tarar fam 200 ce da maki shida. Makin da ka kwaso kafin jarrabawa ma ana haɗawa da shi.

Tuƙin da ba ya kawo takarda

Yi lissafin abin da gudu ke saya maka. Tafiyar mil 100 a kan 70 minti 86 ce, a kan 80 minti 75. Minti goma sha ɗaya, in hanya babu kowa. Ga kuma abin da kake biya. A kan 70 mota tana cin mita 31 kowace daƙiƙa, kuma littafin dokar hanya ya ce tana buƙatar mita 96 kafin ta tsaya: 21 kafin ƙafa ta kai birki, 75 ana birkin. Nisan birki ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa yake yi. A kan 80 jimillar ta haura mita 120. A daidai inda mai 70 ya tsaya cak, mai 80 yana kan kusan mil 40, da wannan gudun zai daki abin da ke gabansa.

Saboda haka rata ta fi komai. Zaɓi gada ko allo. In motar gabanka ta wuce shi, ƙirga daƙiƙa biyu cikakku kafin ka iso. In ana ruwa, huɗu. A ƙanƙara nisan tsayawa yana iya ninkawa sau goma. In wani ya shiga ratar, ɗaga ƙafa ka sake buɗe ta, ba abin fushi ba ne.

Wajen shiga motowe, yi amfani da hanyar shiga ka kai gudun motocin da ke kai, ka ba da sigina, ka duba madubi, ka waiga ta kafaɗar dama. Su ke da hanya. Shiga da mil 40 a gaban tirela mai 56 ya fi gudu haɗari. Da ka shiga, layin hagu ne gidanka. Na tsakiya da na dama na wuce mota ne, ka wuce ka dawo. Wanda ya saba tuƙi a hannun dama, jikinsa kan ja shi ya zauna a tsakiya don ya fi jin daɗi a can. Tun 2013 'yan sanda suna iya cin tarar fam 100 da maki uku a kan haka, da kuma liƙe wa mota a baya.

A wurin aikin hanya, kunna na'urar kayyade gudu a kan 50 tun daga allon farko. Ta fi mai riƙe gudu amfani a cunkoso, don ƙafarka ce ke aiki, ita dai ba za ta bari ka zarce ba. A gangara mai tsawo ka sa ido, wasu motocin suna zarcewa duk da haka. In babbar mota ta matso bayanka tana haska fitila, zauna a layin hagu a kan gudunka. Malejinta ya fi naka daidai, shi ya sa take ganin kana jan jiki, amma takardar kai za a aiko wa. A titi mai allunan lantarki kuma, mayar da shi ɗabi'a: duk ƙarfen da ka hango, karanta shi, sannan ka kalli maleji. Ka rage da ɗaga ƙafa tun daga nesa, ba da birki a ƙarƙashinsa ba. Manhajar taswira da ke faɗar inda kyamara take ba laifi ba ce a Birtaniya, muddin wayar tana maƙale a mazauninta, amma ba koyaushe take sanin lambar da allo ya sauya yanzu ba.

Huta minti 15 duk bayan awa biyu. Masu tashi daga aikin dare su fi kowa kiyaye wannan, don barci a motowe ba ya sallama, kuma buɗe gilas ba ya korar sa. Duba tayoyi kafin doguwar tafiya: zanen taya kada ya gaza milimita 1.6, kowace taya da ta gaza maki uku ce.

In mota ta fara ba da matsala, nufi hagu. Fita ta mafita ta gaba in za ta kai, in ba za ta kai ba shiga gefen tsayawa, ko wurin gaggawa mai fentin ruwan lemo a titunan da aka mayar da gefen layi. Kunna fitilun haɗari, kowa ya fita ta ƙofar hagu, a haye bayan shingen ƙarfe, a tsaya ta inda motoci ke tahowa, ba a gaban motar ba. Ba a ajiye alamar kusurwa uku a motowe, balle ganye ko dutse, kuma ba a canjin taya. In a wurin gaggawa kake, yi magana ta wayar da ke wurin kafin ka koma titi, za su iya rufe maka layi. In kuwa a tsakiyar layi ta mutu kuma ba halin fita lafiya, zauna da bel a ɗaure, fitilun haɗari a kunne, ka kira 999.

Wuri na ƙarshe da ake kamu shi ne bayan an bar motowe. Alluna uku masu ratsi suna ƙirga maka yadi 300, 200, 100 kafin mafita, ka kasance a layin hagu tun kafin na farko. Bayan awa guda a kan 70, mil 45 ji za ka yi kamar tafiyar ƙasa, kuma shataletalen da ke ƙarshen mafitar sau da yawa yana zuba ka ne cikin titi mai 30 da Gatso a gaba kaɗan. A nan kada ka yarda da jikinka, maleji za ka kalla. In ka ga fitilun titi a jere kuma babu allo, ɗauka 30 ce, in a Wales kake 20.